Tukwanen Bayan Rumbu

Tun daga Yamai har Gazawa, abu ɗaya Najiba ta riƙe a cinyarta, ta ƙi yarda direba ya ɗora shi a sama tare da sauran kaya: wata saiwa mai kama da ɗanyar citta, naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma.

Saiwar baƙar kanna ce, furen mahaifiyarta. Shekara da shekaru marigayiya Fiddausi tana renonsa a tsakar gidan da suke haya. Ganyensa faffaɗa kamar na ƙaramar ayaba, launinsa kamar zoɓon da ya ji jiƙo har ya koma baƙi, furensa ja wur kamar garwashi. Da ta rasu aka raba tufafi, aka kwashe gado da kujeru, mai gida ya turo magina su zuba siminti a tsakar gidan. Najiba ta riga su da 'yar wuƙar kicin ta tono wannan guntun. Cikin duk abin da uwarta ta bari, shi kaɗai ne mai rai.

Aikin koyarwa aka turo ta a wata lakol ta garin, sai ta sauka gidan kakanta na wajen uwa, Malam Idrisa. Tsohon yana zaune shi kaɗai. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa maza suna Cadawa da hayin iyaka, yana kuma ta rufe masa ido, sai dai ya bambance haske da duhu. Amma bakin nan nasa garau.

"Amarya ta iso," in ji shi daga kan buzunsa a zaure. "An ce mani 'yan Yamai ba su iya tuwo ba. In haka ne, tun yanzu na sake ki."

"Wa zai zauna da kai dama, tsoho? Gumba na zo jira. Ka yi ka tafi mu sha."

Ya yi dariya har da tari. Ba ta faɗa masa abin da ke cikin tsumman ba. Fiddausi 'yarsa ce ta fari, ko tana da rai bai taɓa kama sunanta ba, balle yanzu. In zance ya karkata wajenta sai ya laluba sandarsa ya fita.

Ta dasa saiwar a gindin katanga. Ƙasar Gazawa ta nuna mata hali. Rairayi ne zalla, ka zuba ruwa kafin ka juya ya shanye. Gara ta zagaye wurin. Da ƙyar ganye ɗaya ya leƙo, ranar da ya buɗe akuyar maƙwabciyarsu Rabi'atu ta tsallako ta cinye shi har ƙasa. Najiba ta dawo daga lakol ta tarar da ɗan kututture. Ta durƙusa ta tono saiwar. Gefe ɗaya ya fara ruɓewa, amma akwai ido biyu masu rai.

Tukunya take buƙata, babba, da wurin da akuya ba ta kaiwa. Ta shiga bincike a gidan. Can bayan rumbu, a wani lungu da ba mai zuwa, ta ɗaga wata tsohuwar zana da fallen kwano, sai ga su a kife: tukwane biyar manya-manya, masu faɗin baki, ba wuya ba marfi. Wuta ba ta taɓa lasar gindinsu ba, ruwa bai taɓa kwana a cikinsu ba. Ta ce a ranta kayan kakarta ne da ba ta kai ga mora ba. Tambaya? Wace jika ce ke neman izini a gidan kakanta? Ko hularsa ta ga dama sai ta ɗauke, sai ya fanshe ta.

Ta kifa ɗaya, ta ɗauko ƙusa da dutse tana huda gindin a hankali yadda ta ga uwarta na yi, don ruwa ya riƙa tsiyaya. A haka A'isha mai nono ta same ta. Dattijuwa ce daga rugar da ke bakin burtali, siririya, kullum da ƙwarya a ka, Hausarta a karkace.

"Ke ɓingel, yarinya, wannan tukunya mi ya yi maka kake huda shi?"

Najiba ta nuna mata saiwar, ta kuma faɗa mata ta wace ce. A'isha ta sauke ƙwarya, ta juya abin a tafin hannu, ta shinshina. Ta ce rairayin nan ko ƙaya ba ya so, sai an haɗa masa da abinci. Kashegari sai ga ta da buhu a ka maimakon ƙwarya, cike da busasshen takin shanunsu wanda ya shekara ya koma gari. Su biyu suka cakuɗa shi da jar ƙasa ta bakin tabki da ɗan toka saboda gara. Ita ma A'isha ba ta san ko tukwanen mene ne ba. Ta ce dai Hausawa da cin tsiya, wa zai cinye tuwon da aka tuƙa a wannan?

Kanna ta kama. Kafin sanyi ya wuce ta cika tukunya, 'ya'ya na fitowa ta gefe. Da bazara Najiba ta zazzage ta, ta yanka saiwar gunduwa-gunduwa, kowace da idonta, ta huda sauran tukwanen ta rarraba. Safe da yamma tana jido ruwa daga pampo. In zafi ya tsananta ta kafa musu inuwa da zanar nan. Ruwan farko na sauka suka yi tsalle har suka kai mata kafaɗa, baƙaƙe sil suna sheƙi, jan fure a kan kowace. Wanda ya yi yaushi sai ta datse shi nan take, don uwarta ta ce in aka bar shi ya yi ƙwallo, uwar takan daina fure.

A'isha kuwa ta mai da lungun wurin hutunta. Ta gama tallan nono sai ta zo ta zauna kan buhu, ta miƙe ƙafa, ta yi ta kallo. Ta ce akwai wata baƙar saniya da aka ba ta tana yarinya, haka fatarta ke ƙyalli in ta sha ruwa.

Tsohon daga zaure yana jin ƙarar bokiti. Ya ce amarya ta kama noman rani a gidansa, in ya nuna a kawo masa zakka. Bai taɓa tambayar a cikin me take shukar ba.

Ranar da abin ya faru, an kwana ana ruwa, gari ya waye da wani hadarin yana haɗowa daga gabas. Najiba tana hutun lakol, tana tsakar gida tana dama koko, sai ta ji sallamar maza da yawa a zaure, muryoyin ƙasa-ƙasa. Ta gane ta Liman Abdulƙarim. Ta gane ta Jaye, babban ɗan A'isha. Ta kasa kunne. Zazzaɓi ne, in ji Jaye, kwana biyu kawai. Da asuba A'isha ta cika.

Ludayin ya kuɓuce mata. Shekaranjiya matar nan ta zauna a kan buhu tana tsokanarta wai ta ƙi aure ta auri ganye.

Ba ta gama dawowa hayyacinta ba ta ji kakanta ya ɗaga murya.

"Najiba, shiga ɗaki. Maza za su shigo su ɗauki tukwane."

"Waɗanne tukwane, Kaka?"

"Na kushewa mana. Suna nan bayan rumbu."

Ba ta shiga ɗakin ba. Tana tsaye maza suka wuce ta gabanta, liman a gaba, Jaye na riƙe da hannun tsohon. Suka sha kwanar rumbu. Sai tafiyar ta tsaya cak, kamar an yanke ta da wuƙa.

Tukwane biyar a jere, kowace da baƙin daji a cikinta, jan fure na rangaji, ruwan jiya na ɗiga daga ganye.

"Mi ya faru?" in ji Malam Idrisa. "Kun yi shiru. An sace su ne?"

Liman ya yi gyaran murya har sau biyu kafin ya ce, "Suna nan, Malam. Sai dai an yi shuka a ciki."

Tsohon ya saki hannun Jaye. Ya miƙa sandarsa ta bugi tukunya, ya sunkuya ya shafa bakinta, ya shafa danshin ƙasar, hannunsa ya hau kan kara har ya kai ga ganye. Ya janye shi kamar ya taɓa maciji.

A nan Najiba ta ji abin da ba wanda ya taɓa faɗa mata. A Yamai da bulo ake rufe ramin ciki na kabari, ita kuma mace ce, ba ta taɓa taka maƙabarta ba. A unguwar nan da tukwane ake yi. A raba kowace biyu, a kifa a kan mamaci, a toshe da laka, sannan a tura ƙasa. Da rani in an yi rasuwa, wajen maginiya ake zuwa a saya. Da damina kuwa ba mai gasa tukunya, shi ya sa jama'a ke ajiye na ko-ta-kwana. Tun kafin a haifi uwar Najiba a gidan Malam Idrisa ake ajiye su, shi ne kuma mai kula da maƙabartar. Ba a taɓa zuwa nema aka rasa ba.

Wani ya ce a nemi itace. Aka ce masa kowane icce a gonakin nan da mai shi, ga 'yan gandun daji, kafin a samu izini a saro wanda zai isa rana ta faɗi. Wani ya ce a tura ɗan kabu-kabu Cadawa ko za a dace. Aka ce hanya ta yanke tun jiya. An riga an yi wa gawa wanka, masu haƙa sun gama, ga hadari na matsowa, in ya sauka ramin zai cika da ruwa.

Liman ya kifa kai ya leƙa gindin tukunya ɗaya, ya ga hujin. Ya ce wannan mai sauƙi ne, a toshe da katangar fasasshiyar tukunya. Sannan ya juyo, karo na farko ya dubi Najiba.

"Malama, ki faɗa mini gaskiya, don a kan mutum za a kifa su. Da wane taki kika cika su? In akwai na jaki ko na bayan gida, sun ƙazantu."

Duk suka zuba mata ido.

"Na shanu ne zalla," ta ce. "Shanunsu. Ita ta kawo mini da kanta. Tare muka zuba."

Jaye ya ɗago kai a hankali. Ya dubi tukwanen, ya dube ta, ya ja rawaninsa ya rufe baki. Wani dattijo ya shiga salati a hankali. Liman ya ce to alhamdu lillahi, takin shanu ba najasa ba ne, a ɗauka.

Suka gwada zare shukar, saiwa ta kama cikin tukunya ƙam. Aka ce ba lokaci, a ɗora su haka nan a amalanke, a ƙarasa aikin a can. Majiya ƙarfi suka ciccibi tukwanen ɗaya bayan ɗaya. Sai a lokacin Najiba ta gane abin da ke shirin faruwa: duka biyar za su tafi, ba ta da ko guntu a wani wuri.

Ta bi su har ƙofar gida ba mayafi, ta kama gefen amalanken.

"Don Allah ku ba ni wuƙa in yanki kaɗan. Kamar yatsa kawai."

Mata sun riga sun cika ƙofofi. Rabi'atu ta leƙo ta kan katanga tana faɗa wa na kusa da ita, da muryar da kowa zai ji, cewa dama ta ce. Mutum ya tashi safe da yamma yana ba tukwanen kushewa ruwa, ya shuka musu baƙin abu, in ba kiran mutuwa ba mene ne? Ga shi wadda ta fi zama a wurin ita aka fara ɗauka.

"Saki amalanken nan," in ji Malam Idrisa. Ba ta taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba. "Ko ganye ɗaya kada ya kwana a gidana."

Ta saki. Shanun suka ja, baƙin ganye na kaɗawa a saman kawunan maza har suka sha kwana.

An rufe A'isha kafin ruwan ya sauko. Yadda aka yi kuwa a bakin mata Najiba ta tsinta, da ta je gaisuwa ruga. An sare karan da adda an watsa bayan shinge, shanu sun bi ta kai. An fasa tukwanen da gatari, saiwar ta daddatse. Ƙasar cikin kuma, da yake jiƙaƙƙiya ce mai danƙo, da ita aka toshe kafofin, aka tura sauran a kan tudun. Shi ke nan.

Ta dawo gida ta zauna a lungun. Ba abin da ya rage sai da'ira biyar a ƙasa. Ta tona da yatsu ko wata saiwa ta ratsa huji ta shiga rairayi. Babu. Kukan da ba ta samu yi sosai ba a Yamai, ranar ta yi shi.

Gidan ya mutu. Tsohon ya daina ce mata amarya, sai malama, kamar baƙuwa. In ta ajiye masa tuwo ya ce an gode. A pampo mata sukan janye bokitansu in ta iso.

Hatsi ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Wata safiya gari ya ɗauki ɗumi. Najiba tana shara ta ga mutane na gudu ta ƙofar gida, duk gabas suka nufa. Sai ga Rabi'atu ta faɗo gidan ba sallama, ido waje, salula a hannu, ta manta ma ba sa magana.

"Kin ji abin da ya fito a kushewar Bafillatar nan? Duba. Mijina ya ɗauko hoton."

Najiba ta karɓa. Tudun kabari ne, a tsakiyarsa wasu baƙaƙen abubuwa a naɗe sun huda ƙasa sun miƙe kamar ƙahoni. Ɗaya ya fara buɗewa. Ta san wannan sheƙin. Ta san jan layin da ke bin gefen ganyen. Tsintsiyar ta faɗi, ita ma ta zauna daɓas a ƙasa.

Kanna tana da rai. Tana kuma wurin da Najiba ba za ta taɓa zuwa ba.

Kafin azahar labari ya kai Cadawa. 'Yan kabu-kabu suka yi ta sauke 'yan kallo. Wasu suka ce alamar rahama ce, matar ta mutu da tsarkin zuciya. Wasu suka ce rahama ba ta zuwa da baƙi. Waɗanda suka halarci jana'izar suka yi ta bayanin ƙasar tukwane, ba mai saurare. Da la'asar wasu samari suka ɗauko fartanya za su tumɓuke abin. Suka tarar da Jaye tsaye a kan kabarin, sanda a kafaɗa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce musu innarsa ta yi wata da watanni tana zuwa kallon abin nan da ƙafarta, yanzu shi ya biyo ta. Wanda ya kai fartanya wurin, to ya fara haƙa nasa ramin. Liman ya zo ya raba, ya ce ba mai sa ƙarfe a kabarin Musulma, kuma ɗanyen ganye bai taɓa cutar da mamaci ba.

Najiba ta yi kwanaki tana juya abin. Ran nan bayan sallar la'asar ta shiga zaure ta durƙusa gaban kakanta.

"Kaka, kai ke shiga wurin nan kullum. Ba mai tambayarka. Saiwar ba ta da zurfi, da hannu ma za ka iya. Guntu ɗaya."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya juyo da fararen idanunsa wajenta.

"Maimaita in ji. In tone kushewa? Ni? Saboda hure?"

"Ba tonewa ba ne, gefe..."

"Kin kunyata ni gaban jama'a na yi shiru. Yanzu so kike a kama ni da hannu cikin kabarin mace? Wane irin abu ne wanga da ya shiga kanki haka?"

"Na Mama ne."

Ta faɗa masa duka. Tsakar gidan Yamai, maginan siminti, wuƙar kicin, tsumman da ta riƙo a cinya. Ta ce Mama takan zauna gabansa da yamma tana yi masa magana kamar mutum, ranar da za a kai ta asibiti ma sai da ta ce a ba shi ruwa. Ta ce akwai wata hanyar, in an bar furen bai datsu ba yakan yi ƙwallo, a ciki akwai 'ya'ya baƙaƙe masu tauri kamar na carbi. Amma damina ta kusa ɗaukewa. Ba ruwa, zai bushe kafin su nuna.

Tsohon bai motsa ba. Bai je jana'izar 'yarsa ba, ido da nisa suka hana, a salula aka faɗa masa. Leɓensa ya yi rawa kamar zai kama wani suna, bai kama ba. Ya laluba butarsa ya ce zai yi alwala, alhali bai daɗe da sallame salla ba.

Ruwa ya ɗauke. Aka shiga yankan hatsi, ciyawa ta fara ja. Najiba ta koma lakol, tana koyar da yara tana kallon sama ta taga, ba ko gajimare. Ta riga ta sallama.

Sai ta lura randa na saurin ƙarewa. Ta cika ta da yamma, da safe ta tarar ta yi ƙasa. Ta lura kuma tsohon in ya fita sallar asuba ba ya dawowa sai rana ta ɗaga, ƙafar wandonsa jiƙe. Wata bido, ƙaramar jarka da take ajiye kananzir a da, ta ɓace daga kicin. Ran nan ya shigo yana ɗingishi, gwiwa a ƙuje, riga duk ƙasa. Ta ɗauko ruwan ɗumi tana wanke masa, ta tambaye shi inda ya faɗi.

"Ziyara nike zuwa," ya ce. "Ko ita ma sai na nemi izinin malama?"

Rabi'atu ce ta kawo sauran labarin. Wai tsohon ya taɓu. Kullum ana ganinsa da bido a hannu ɗaya, sanda a ɗaya, yana bin tsakanin kaburbura ba ya taka ko ɗaya, don da ƙafa ya san wurin. Ya tsaya a gefen na Bafillatar ya tsiyaye ruwan, ya shafa kan shukar da yatsu, ya juyo. Jaye ma kafin ya kora shanu kudu sai da ya kewaye kabarin da ƙaya saboda awaki.

Najiba ba ta ce masa ta ji ba. Ta dai riƙa cika randar har baki, ta kuma ajiye bidon a cike a bakin zaure. Shi ma bai ce ya gani ba.

Sanyi ya fara shigowa. Wata Asabar ya dawo, ya tuɓe rigarsa ya jefo mata tsakar gida ya ce a wanke, amma a duba aljihu kafin a jiƙa, don 'yan Yamai ba su da hankali. Ta zura hannu. Wasu busassun ƙwallaye ne masu kaushi, sun tsage. Ta murza ɗaya, baƙaƙen 'ya'ya suka gangaro tafinta.

"Na kai masa ruwan ƙarshe yau," in ji shi daga zaure. "Gwiwata ta ƙi. Abin da kika samu ke nan."

Ta goga kowane a kan dutse har farin ciki ya leƙo, ta jiƙa su a ruwan ɗumi suka kumbura. Ta yanka tsofaffin bidoji ta jera a lungun bayan rumbu, ta tambayi tsohon ko su ma na wani abu ne. Ya ce na uban wani ne, ta shuka. Ta je ruga da kanta ta roƙi taki wajen matar Jaye.

Na farko ya tsiro. Kore shar. Na biyu, kore. Na uku ma haka. Najiba ta tsaya a kansu tana kallo. Ba ta taɓa sanin ɗan kanna na iya ƙin gadon uwarsa ba. Labari kuma ya zo cewa ta maƙabarta ta bushe ƙurmus, tururuwa da gara sun gama da gindin. Sauran 'ya'yan suka ruɓe a ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Bido ɗaya ta rage ba motsi. Ta daina ma leƙa ta, ruwa kawai take zuba mata don kada a ce.

Wata safiya ta zo wucewa da bokiti sai ta ga wani abu kamar tsinin ƙusa ya huda ƙasar. Ta ajiye bokitin. Ta durƙusa har goshinta na taɓa bakin bidon. Ta daɗe a haka.

Ƙarar sanda ta ji a bayanta. Tsohon bai taɓa zuwa lungun ba tun ranar jana'iza.

"Na ji kin yi shiru," ya ce. "Wane launi?"

"Baƙi ne, Kaka."

"Ki duba da kyau. Ke ma idon naki ba wani na kirki ba ne."

Ta kama hannunsa ta kai yatsansa kan ɗan tsiron. Ya taɓa shi sau ɗaya, a hankali, ya miƙe ya juya mata baya yana gyara hula.

Da rani ya kama sosai, Safina maginiya ta aiko da sababbin tukwanen unguwa a amalanke. Aka jera su bayan rumbu, aka kife, aka rufe da zana, liman na tsaye. Sai mai amalanken ya sauko da wata ta daban ya ce wannan Malam ne ya sa a yi, maginiyar ma ta yi ta mamaki, don ba a taɓa ce mata ta huda gindin tukunya tun tana ɗanya ba.

Liman ya leƙa hujin, ya dubi tsohon.

"Ta amarya ce," in ji Malam Idrisa. "A kai mata can nesa da nawa. In ba haka ba, ranar da na mutu sai kun bi ta da gatari."